Yadda masu rubuta manhajar kwamfuta ke tsara gwaji da bitar aikinsu

Da misalin ƙarfe 4 na asuba agogon GMT, ranar Juma'a 19 ga watan Yulin shekarar 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka, wanda ya ƙware wajen kare kwamfutoci daga masu kutse, ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin gyara ta intanet kamar yadda ya saba.

Kafin a cika minti 80 kamfanin ya janye gyaran, amma aikin gama ya riga ya gama.

Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8 da rabi masu amfani da Windows ne suka daina aiki a sassa daban-daban na duniya.

Jiragen sama sun kasa tashi, an ɗage ganin marasa lafiya a asibitoci, gidan talabijin na Sky News a Birtaniya ya katse shirye-shiryensa na wani lokaci, sannan kamfanin jiragen sama na Delta shi kaɗai ya soke tashin jirage kimanin 7,000 cikin kwanaki biyar.

Rahoton da CrowdStrike ya fitar daga baya ya nuna cewa ba wani babban abu ba ne ya janyo wannan ɓarna.

Wani sashe na manhajar an tsara shi ne a kan cewa za a miƙa masa bayanai guda 21, alhali sashen da ke miƙawar guda 20 kawai yake bayarwa. Gwaje-gwajen da aka yi a baya duk sun zo a yanayin da ba a buƙaci a leƙa bayani na 21 ba, don haka kuskuren ya kwanta tsawon watanni.

Ranar da aka aika gyaran da ya nemi wannan bayani na ƙarshe, manhajar ta kai hannu inda babu komai, kwamfutocin kuma suka tsaya cak.

Irin wannan kuskure shi ne dalilin da ya sa kamfanonin manhaja ke dogara da matakai biyu: gwada kowane ɗan sashe na aiki shi kaɗai, da kuma sa wani ya karanta abin da abokin aikinsa ya rubuta kafin a fitar da shi.

To sai dai manyan haɗurran da aka gani cikin shekaru 30 da suka wuce sun nuna cewa matakan ba su cika amfani ba idan ba a tsara su tun farkon aiki ba. Kamar yadda Bahaushe ke cewa, tun ran gini ran zane.

Mene ne gwajin gaɓa-gaɓa?

Manhaja dai umarni ne da ɗan Adam ke rubuta wa kwamfuta layi bayan layi. Babbar manhaja kan kai layi miliyoyi, amma ana kasa ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ɗan aikin da take yi.

A manhajar banki da ke cikin wayar salula, alal misali, akwai gaɓar da aikinta shi ne ta duba ko kuɗin da ke cikin asusu ya isa abin da mutum ke son aikawa.

Gwajin gaɓa wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake rubutawa domin ta yi wa wannan gaɓa tambaya, ta kuma kwatanta amsar da abin da ya kamata a samu.

Idan akwai naira 10,000 a asusu aka nemi aika naira 4,000, dole gaɓar ta amince, ta bar naira 6,000. Idan aka nemi aika naira 12,000, dole ta ƙi.

Mai gwaji na ƙwarai ba ya tsayawa a nan. Zai tambaya abin da zai faru idan aka nemi aika naira 10,000 cif, ko aka rubuta sifiri, ko aka rubuta lambar da ke ƙasa da sifiri, ko kuma kuɗin ya isa amma babu na cajin banki.

Kwamfuta ce ke gudanar da waɗannan gwaje-gwaje da kanta, kuma tana iya kammala dubbansu cikin 'yan mintoci.

Babban amfaninsu yakan bayyana ne bayan wata shida ko shekara guda, lokacin da wani sabon ma'aikaci ya taɓa gaɓar domin ƙara wani abu. Idan ya ɓata tsohon aiki ba da saninsa ba, gwajin zai faɗi nan take, tun kafin kuskuren ya kai ga asusun kowa.

Wannan hanya ta yaɗu ne sosai bayan shekarar 1997, lokacin da wasu masana biyu, Kent Beck da Erich Gamma, suka haɗa wani makamin gwaji mai suna JUnit. Suna cikin jirgin sama daga birnin Zurich zuwa Atlanta suka fara rubuta shi, kuma a yau kusan kowane harshen rubuta manhaja yana da makamancinsa.

Daga ina za a fara?

Tambayar farko da tawagar masu rubuta manhaja za ta amsa ita ce wace gaɓa ce za a fi mayar da hankali a kanta, domin babu tawagar da ke da lokacin gwada komai daidai wa daida.

Abin da aka fi bi shi ne a jera sassan aiki gwargwadon ɓarnar da za su janyo idan suka kuskure. Lissafin kuɗi, tantance mai shiga asusu, adana bayanan sirri na jama'a da duk abin da ya shafi lafiya ko rai su ne a gaba. Launin shafi da girman rubutu suna iya jira.

Abu na biyu shi ne a nemi kuskure a bakin iyaka, wato inda lissafi ke ƙarewa ko yake sauyawa.

A ranar 31 ga watan Disamban 2008, na'urorin sauraron kiɗa na Zune masu girman gigabayit 30, waɗanda Microsoft ya ƙera, suka daskare a rana guda. Gaɓar da ke lissafin kwanan wata ba ta san yadda za ta yi da rana ta 366 ba, kuma 2008 shekara ce mai kwana 366.

Abu na uku shi ne kada a ɗauka cewa tsohuwar gaɓa da ta yi aiki a wani wuri za ta yi a sabon wuri.

A ranar 4 ga watan Yunin 1996, rokar Ariane 5 ta hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan an harba ta daga Kourou da ke yankin Guiana na Faransa, tare da taurarin ɗan Adam huɗu da take ɗauke da su.

Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano cewa an ɗauko wani sashe na manhajar ne daga tsohuwar roka Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi gudu, don haka wata lamba ta zarce 32,767, wadda ita ce iyakar abin da ma'ajiyar da aka tanadar mata ke iya ɗauka.

Kwamitin ya ce ba a gwada na'urar da bayanan hanyar da sabuwar rokar za ta bi ba, kuma da an yi hakan da an ga matsalar tun a ƙasa.

Akwai kuma batun lokacin da za a rubuta gwajin. Kent Beck ya yi kira a wani littafi da ya wallafa a 2002 da a riƙa rubuta gwaji tukuna, sannan a rubuta gaɓar da za ta ci gwajin.

Wani nazari da aka wallafa a 2008 kan tawagogi huɗu a Microsoft da IBM ya nuna cewa wannan hanya ta rage yawan kura-kurai da kashi 40 zuwa 90 cikin ɗari, amma ta ƙara lokacin aiki da kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari.

Ba kowace tawaga ce ke bin wannan hanya ba. Abin da akasarinsu suka amince da shi shi ne, duk wanda ya rubuta gaɓa shi ne zai rubuta gwajinta, kuma a miƙa su tare.

Inda gaɓoɓi ke haɗuwa

Gaɓa biyu na iya kasancewa daidai kowace a karan kanta, amma su saɓa a wurin haɗuwa.

A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars.

Bincike ya nuna cewa wata manhaja da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana fitar da lissafin ƙarfin tunkuɗa ne da ma'aunin fam irin na Amurka, yayin da manhajar NASA ke karɓar lambobin a matsayin ma'aunin newton. Bambancin ya haura ninki huɗu, kuma shi ya sa kumbon ya matsa kusa da Mars fiye da ƙima.

Wannan ya sa tsarin gwaji ke da hawa uku. A ƙasa akwai gwajin gaɓa, a tsakiya akwai gwajin haɗin gaɓoɓi, a sama kuma akwai gwajin da ke bin manhaja daga farko har ƙarshe kamar yadda mai amfani da ita zai yi.

Wani ƙwararre mai suna Mike Cohn ya siffanta tsarin da dala a shekarar 2009, mai faɗin gindi da tsinin kai, saboda gwajin gaɓa ne ya kamata ya fi yawa tun da ya fi sauri da arha.

Injiniyoyin Google sun bayyana a wani littafi na 2020 cewa abin da suke hari shi ne kimanin kashi 80 cikin ɗari gwajin gaɓa, kashi 15 gwajin haɗi, kashi 5 kuma gwajin farko har ƙarshe.

Idan aka kifa dalar, gwaji kan ɗauki sa'o'i, ma'aikata su gaji da jira, daga ƙarshe su fara tsallake shi.

Kashi nawa ya isa?

Shugabannin kamfanoni na son lamba, kuma lambar da aka fi ambata ita ce yawan layukan manhaja da gwaji ya bi ta kansu.

A shawarar da ƙwararrun Google suka bayar a 2020, kashi 60 cikin ɗari ba laifi, kashi 75 abin yabo ne, kashi 90 kuma abin koyi ne. Sun kuma yi gargaɗi cewa babu lamba ɗaya da ta dace da kowane irin aiki.

Wasu ayyukan sun wuce nan nesa. Manhajar adana bayanai ta SQLite, wadda ke cikin kusan kowace wayar Android da iPhone, tana da rubutun gwaji da ya ninka rubutun ita kanta manhajar fiye da sau 500, a cewar masu kula da ita.

A harkar sufurin jiragen sama kuwa, ƙa'idar da ake kira DO-178C ta wajabta cewa a manhajar da kuskurenta zai iya faɗar da jirgi, sai an nuna cewa an gwada tasirin kowane sharaɗi a cikin kowane hukunci da manhajar ke yankewa.

Amma lambar na iya yaudara. Gwaji na iya bi ta kan layi ba tare da ya duba ko amsar da layin ya bayar daidai ce ba, kuma idan aka ɗora wa ma'aikata wata lamba dole, wasu kan rubuta gwajin jeka-na-yi-ka domin kawai su cika ta.

Tun a ƙarshen shekarun 1960 masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holland, Edsger Dijkstra, ya ja hankali cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba zai taɓa tabbatar da cewa babu ba.

Dalili kuwa shi ne gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Tambayar da mai rubutu bai yi tunaninta ba, sai wani mutum dabam ne zai iya tuna masa.

Ido na biyu

A nan ne bita ke shigowa. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, mutum kan taka nasa ya hango na wani.

Wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Michael Fagan ne ya fara shimfiɗa ƙa'idojin bitar manhaja a wata maƙala da ya wallafa a 1976.

A tsarinsa, mutane ƙalilan ne ke zama a ɗaki ɗaya ƙarƙashin wani mai jagorantar zaman, kowa ya riga ya karanta rubutun, sannan a bi shi layi-layi ana rubuta kura-kuran da aka gani. Ya ba da shawarar kada zama ya wuce sa'a biyu, domin bayan haka hankali kan fara gushewa.

A yau an sauƙaƙa abin. Mai rubutu kan tura gyaransa ta wani dandali kamar GitHub ko GitLab, abokin aikinsa ya karanta ya yi tsokaci a gefen layukan, kuma ba za a haɗa gyaran da babbar manhaja ba sai ya amince.

Abin da rashin ido na biyu ke janyowa ya fito fili a ranar 1 ga watan Agustan 2012 a kasuwar hannun jari ta birnin New York.

Kamfanin Knight Capital ya sa sabuwar manhaja a manyan kwamfutocinsa guda takwas, amma ma'aikacin da ya yi aikin ya tsallake ɗaya. A cikin wannan ɗayar, wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi tun 2003 ya farka, ya shiga saye da sayar da hannun jari ba ƙaƙƙautawa.

Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 460, a cewar hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka, SEC.

Hukumar ta ce kamfanin bai sa ma'aikaci na biyu ya duba aikin ba, kuma ba shi da rubutacciyar ƙa'ida da ta wajabta hakan. Ta ci shi tarar dala miliyan 12, kuma a 2013 aka haɗe shi da wani kamfani mai suna Getco.

Ƙa'idojin bita

Binciken da aka yi a kamfanoni daban-daban ya nuna cewa girman abin da aka miƙa wa mai bita ne ya fi komai tasiri.

Wani nazari da kamfanin SmartBear ya gudanar a Cisco, wanda aka wallafa a 2006 bayan duba bita kimanin 2,500, ya nuna cewa mai bita ya fi gano kuskure idan abin da ke gabansa bai wuce layi 200 zuwa 400 ba, kuma idan bai zarce sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana dubawa ba.

Wanda aka miƙa wa layi 50 zai karanta da kyau. Wanda aka miƙa wa layi 5,000 da yammacin ranar da za a tashi hutun mako, galibi sa hannu kawai zai yi.

A Google, wani nazari na 2018 ya nuna cewa rabin gyare-gyaren da ake miƙawa ba su wuce layi 24 ba, kuma akasari mutum ɗaya ne ke yin bitar.

Ƙa'idar kamfanin ta kuma tanadi cewa kada mai bita ya wuce ranar aiki ɗaya bai amsa ba. Idan bita na ɗaukar mako guda, ma'aikata kan tara gyare-gyare su miƙa a dunƙule, abin da ke mayar da hannun agogo baya.

Tawaga na kuma buƙatar ta raba aiki tsakanin mutum da na'ura. Tsarin rubutu, tazara da sauran ƙananan ƙa'idoji, akwai manhajojin da ke duba su da kansu. Mai bita zai mayar da hankali ne kan ko gyaran ya yi abin da aka nema, ko wani zai fahimce shi nan da shekara biyu, ko ya buɗe ƙofa ga masu kutse, da kuma ko gwajin da ya zo da shi na ƙwarai ne.

Akwai kuma batun ladabi. Tsokaci ya tsaya a kan rubutu, kada ya koma kan marubuci, kuma mai bita ya bambanta abin da dole a gyara da abin da shawara ce kawai.

Haka nan babba ba ya fin ƙarfin bita. Tawagar da ƙaramin ma'aikaci ke jin nauyin nuna kuskuren shugabansa, bitarta ta zama ta fatar baki.

Wani nazari da Alberto Bacchelli da Christian Bird suka yi a Microsoft a 2013 ya gano cewa ko da yake neman kuskure ne babban dalilin da ma'aikata ke bayarwa na yin bita, kaɗan ne daga cikin tsokacin da ake yi ya shafi kuskure kai-tsaye.

Mafi yawan amfanin ya zo ne ta fuskar kyautata rubutu da yaɗa sani, ta yadda idan ma'aikaci ɗaya ya bar aiki ba zai tafi da sirrin manhajar a kansa ba.

Inda bita ke gazawa

Mai bita ma ɗan Adam ne, kuma ɗan Adam ajizi ne.

A watan Afrilun 2014 aka bankaɗo wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ke kare sirrin bayanai tsakanin mutum da shafukan intanet. An ƙiyasta cewa ta shafi shafuka kimanin rabin miliyan.

Gyaran da ya kawo ɓarakar ya shiga ne a ƙarshen Disamban 2011, kuma an yi masa bita. Marubucin ya manta ya sa a tantance tsawon saƙon da aka aiko, mai bitar shi ma bai lura ba, kuskuren ya zauna fiye da shekara biyu.

A watan Fabrairun wannan shekara ta 2014, kamfanin Apple ya toshe wata ɓaraka da ta samo asali daga layi ɗaya da aka maimaita sau biyu, wanda ya sa na'urorinsa ke tsallake wani muhimmin mataki na tantance shafukan intanet.

Masana da dama sun yi nuni da cewa gwajin gaɓa guda ɗaya, wanda zai miƙa sa hannu na bogi ya ga ko za a ƙi shi, zai iya kama wannan kuskure.

A watan Maris na 2024 kuma aka gano cewa wani da ya shafe kimanin shekara biyu yana neman yardar masu kula da manhajar XZ Utils ya dasa wata ɓoyayyar ƙofa a cikinta, kuma a cikin fayilolin gwaji ya ɓoye ta, inda ba kasafai ake dubawa ba.

Wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ne ya gano ta, bayan ya lura cewa shiga wata kwamfuta na ɗaukar ƙarin rabin daƙiƙa.

Darasin da tawagogi suka ɗauka shi ne gwaji da bita kowane na rufe giɓin ɗan uwansa, kuma shi kansa rubutun gwaji yana buƙatar bita.

Abin da tsarin zai ƙunsa

Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne wanda aka rubuta a taƙaice, kowa ya amince da shi, sannan aka ɗora wa na'ura alhakin tilasta shi.

Ya kamata ya fayyace ma'anar kammala aiki: gaɓa ba ta kammalu ba sai ta zo da gwajinta, gwajin ya yi nasara, wani kuma ya karanta ya amince.

Ya kuma fayyace wanda ke da alhakin kowane sashe, da sassan da ke buƙatar amincewar mutum biyu ko ta ƙwararre kan tsaro.

Duk lokacin da aka miƙa gyara, wata kwamfuta ta musamman za ta gudanar da gwaje-gwaje da kanta, kuma idan ɗaya ya faɗi, ƙofa a rufe take ga kowa.

Tsarin zai tanadi abin da za a yi da gwajin da ke nasara yau ya faɗi gobe ba tare da an taɓa komai ba. Google ya bayyana a 2016 cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajensa na da irin wannan hali. Idan ba a gyara su ko an ware su ba, ma'aikata kan saba da ganin jan haske har su daina kula da shi.

Ga tawagar da ta gaji tsohuwar manhaja maras gwaji, ba sai an dakatar da komai ba. Duk gaɓar da za a taɓa, a fara rubuta mata gwaji, kuma duk kuskuren da aka gano a wurin jama'a, a rubuta gwajin da zai hana shi dawowa.

Sai kuma hanyar gaggawa. Akwai ranar da za a buƙaci gyara cikin dare, don haka gara a rubuta tun da wuri wanda ke da ikon ba da izini, da kuma wa'adin da za a yi bitar daga baya.

Mataki na ƙarshe shi ne fitar da gyara kaɗan-kaɗan. A fara da kwamfutocin cikin gida, sannan wani ƙaramin kaso na abokan ciniki, a jira a ga abin da zai biyo baya, tare da tanadin hanyar komawa tsohuwar manhaja cikin hanzari.

Wannan ne matakin da CrowdStrike bai bi ba a irin gyaran da ya aika ranar 19 ga Yuli, kuma yana cikin abubuwan da ya yi alƙawarin sauyawa. A watan Satumban 2024 wani babban jami'in kamfanin, Adam Meyers, ya nemi afuwa a gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka.

Wa ke biyan farashi?

Babban abin da ke hana tawagogi bin waɗannan matakai shi ne matsin lokaci. Gwaji da bita na cin kwanaki, kuma amfaninsu shi ne haɗarin da bai faru ba, wanda ba a iya nuna wa mai kamfani a takarda.

Cibiyar kula da ma'aunai da fasaha ta Amurka, NIST, ta ƙiyasta a 2002 cewa kura-kuran manhaja na janyo wa tattalin arzikin ƙasar asarar dala biliyan 59 da rabi a shekara, kuma ingantaccen gwaji zai iya rage fiye da dala biliyan 22 daga ciki.

Sau da yawa kuma ba kamfanin ne ke fara ɗanɗana kuɗar ba.

A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko almundahana, saboda manhajar lissafi ta Horizon da kamfanin Fujitsu ya samar ta nuna giɓin kuɗi a rassansu.

An ɗaure wasu, wasu suka rasa gidajensu da mutuncinsu a cikin al'umma. A 2019 babbar kotun ƙasar ta tabbatar cewa manhajar na da kura-kurai da za su iya haifar da giɓin, kuma a 2024 majalisar dokoki ta yi dokar da ta soke hukuncin da aka yanke wa ɗaruruwansu.

Batun ya ƙara muhimmanci a yanzu da na'urori masu ƙirƙirarriyar basira suka fara rubuta manhaja. A watan Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon rubutun manhaja a kamfanin irin waɗannan na'urori ne ke samar da shi, sannan injiniyoyi su duba su amince.

Hakan na nufin rubutun da ke jiran bita na ƙaruwa da sauri, yayin da adadin layukan da idon mutum ɗaya zai iya karantawa da kyau a sa'a guda bai sauya ba tun zamanin Michael Fagan.